Masu Keke da Masu Ƙafa a Wuyan Tsaunukan Alps

Ranar 10 ga Yuni, 1949, 'yan tseren keke suka tashi daga garin Cuneo da ke arewa maso yammacin Italiya, za su garin Pinerolo. Garuruwan nan biyu ba su da nisa da juna. Da ta cikin fili aka bi, da tun kafin azahar an isa har an yi wanka. Amma masu shirya gasar Giro d'Italia, wato tseren zagaya Italiya da ake yi duk shekara, sai suka karkatar da hanyar ta cikin tsaunukan Alps, ta shiga Faransa ta sake dawowa, har ta kai kilomita 254. A tsakani akwai mashigai biyar: Maddalena, Vars, Izoard, Montgenèvre da Sestriere.

Mashiga ita ce wurin da jerin duwatsu ya ɗan rusuna tsakanin ƙololuwa biyu, har hanya ta samu ta haura ta gangara ɗaya ɓangaren. Faransawa na kiranta col, wato wuya. Kada kalmar rusunawa ta yaudari mai karatu. Maddalena na da tsayin mita 1,996 daga saman teku, kusan daidai da kan dutsen Bagzan na ƙasar Azbin, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar. Izoard kuwa mita 2,360 ce. A ranar ana ruwa, ga hazo, ga sanyi, mafi yawan hanyar duwatsun kuma babu kwalta, sai tsakuwa da laka. Kekunan na ƙarfe ne masu nauyi, giya 'yan kaɗan, rigunan na ulu ne masu shan ruwa, kowa kuma ya naɗe tayar safaya a kafaɗa.

Tun a mashiga ta farko Fausto Coppi ya fice daga cikin taro, bai sake ganin bayan kowa ba. Kilomita 192 ya yi shi kaɗai. Ya isa Pinerolo bayan fiye da awa 9 a kan sirdi. Gino Bartali, babban abokin hamayyarsa, ya iso bayan minti 11 da daƙiƙa 52. Na uku sai da ya ɗauki kusan minti 20.

Ayyuka biyu nake so in ɗora a kan wannan hanya. Na farko littafin Dino Buzzati ne, tarin rubuce-rubuce 25 da ya aika wa jaridar Corriere della Sera yana biye da gasar ta 1949. An tara su littafi guda a 1981, bayan mutuwarsa, aka fassara zuwa Turanci a 1999, kuma wannan fassara na karanta. Na biyu fim ne, Il cammino della speranza, wato Tafarkin Sa Rai, wanda Pietro Germi ya ba da umarni ya fito a 1950. Shekara guda ce tsakaninsu. Dukansu sun fara daga tsibirin Sisili a can ƙarshen kudu, dukansu sun ratsa tsawon ƙasar, dukansu kuma sun kai maƙura a kan iyakar Faransa cikin duwatsu. Ɗaya a kan keke, ɗaya a ƙafa. Ban taɓa jin daɗin ɗayansu yadda ya kamata ba sai da na ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

Buzzati ba ɗan jaridar wasanni ba ne, shi da kansa ya faɗa cewa bai taɓa kallon tseren keke a kan titi ba kafin nan. Marubucin ƙagaggun labarai ne, an haife shi a 1906 kusa da Belluno, a gindin duwatsun Dolomite, kuma duk rayuwarsa mahayin dutse ne. Littafin da ya yi masa suna ya fito a 1940, labarin wani hafsan soja da ya ƙare ƙuruciyarsa a wani sansani na kan iyaka yana jiran abokan gaba, da suka tashi zuwa kuma tsufa da ciwo sun riga sun ci ƙarfinsa. Wanda ya san wannan labari ya san abin da Buzzati zai gani a tseren keke tun kafin a busa usur. Jaridar na da wakilinta mai kawo sakamako da lissafin mintuna. Shi an tura shi ne ya kawo abin da lissafi ba ya ɗauka. A tuna kuma babu talabijin a gidajen Italiya a lokacin, sai a 1954 aka fara watsa shirye-shirye a kai a kai. Duk abin da talaka zai sani game da Izoard, daga rediyo ne ko daga alƙalamin irin su Buzzati.

Abin da ya fara kama ni a littafin shi ne inda ya ajiye idonsa tun daren farko. 'Yan tseren na cikin jirgin ruwa daga Genoa za su kudu inda za a fara gasar. Ga Coppi, ga Bartali, duk duniya su take son ji. Buzzati sai ya tsallake su, ya shiga ɗakin wani ƙaramin ɗan tsere, irin waɗanda Italiyawa ke kira gregario. Waɗannan yaran gida ne. Aikinsu su tsaya a famfon ƙauye su cika gora su kai wa maigida, su tare masa iska, in tayarsa ta fashe su cire tasu su ba shi. Buzzati ya kwantar da irin wannan mutum a gadon jirgi, ya bar shi yana mafarkin cewa wata rana ƙafafunsa za su ƙi gajiya, ya bar manya a baya, jama'a su kira sunansa. Mai karatu ya san ba za a yi ba, mai mafarkin ma ya sani. A wani babin kuma ya koma can wutsiyar tsere, wurin waɗanda ke isowa bayan 'yan kallo sun watse, an fara kwance tutoci, suna tuƙi cikin motoci da amalanke kamar kowane mai keke da ke komawa gida, suna fargabar kada lokacin da aka ƙayyade ya cika a kore su daga gasar. A ganina waɗannan shafuka su ne zuciyar littafin. Babu ƙawa da yawa a cikinsu, sai kallo mai kyau da tausayi marar hayaniya.

Haka ma inda tseren ya ratsa Cassino, garin da yaƙi ya mayar kufai a 1944. Shekara biyar kacal da wucewar abin. Buzzati bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai sa ayarin kekuna masu launi-launi da motocin talla suka wuce ta gefen tarin duwatsun da dā gari ne, ya juya yana magana da matattun da ke ƙarƙashi. A nan dabararsa ta sa abu marar rai ya yi magana ta yi aiki, domin akwai abin da ya fi ƙarfin bakin mai rai.

Sai dai ba waɗannan shafuka aka fi tunawa da su ba. Wanda ake ta maimaitawa shi ne na ranar Pinerolo. A can ne Buzzati ya ga Bartali a kan Izoard, shi kaɗai, jikinsa duk laka, yana bin sawun mutumin da ya riga ya ɓace masa, sai ya tuna ranar da yana ɗan makaranta ya fara karanta yadda Achilles ya kashe Hector a tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer. Hector shi ne jarumin da ya tsaya kare birninsa alhali ya san alloli sun juya masa baya. Achilles shi ne wanda ba a iya tarewa. Coppi na da shekara 29, Bartali na gab da cika 35. Abin da Buzzati ke cewa shi ne ba Coppi ya kayar da Bartali ba, shekaru ne, Coppi sanda ce kawai a hannun zamani.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Aikin makaɗan maza ne. Wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago ya san ba labarin dambe ake ba shi ba, ɗaga mutum ake yi har ya wuce girman mutane. A fagen dambe ma ai in an kai mutum ƙasa cewa ake an kashe shi, kowa kuma ya san zai tashi ya karkaɗe jiki. Bambancin Buzzati shi ne kalangunsa na bin wanda aka kashe. Wannan zaɓi ne mai kyau, kuma shi ya sa babin ke taɓa zuciya har yau. Duk wanda ya taɓa ganin ƙarfin mahaifinsa ya fara ja baya zai gane abin da ake nufi ko da bai taɓa hawa keke ba.

Amma kirari na da tsada, kuma gaskiya ce ke biya. Buzzati ya yi wa Bartali jana'iza, Bartali kuwa bai mutu ba. Mako biyar da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 18 ga Yuli, 1949, a gasar zagaya Faransa, su biyun suka sake hawa wannan Izoard ɗin, wannan karon tare, suka bar kowa a baya, Bartali ya shiga Briançon a gaba a ranar da ya cika shekara 35. A 1950 ya ci tseren Milan zuwa San Remo. A 1952 ya zama zakaran Italiya. Ya rayu har shekarar 2000. Coppi kuwa a Disamban 1959 ya je Upper Volta, Burkina Faso ta yau, don wani tseren nuni a Wagadugu da farauta, ya koma gida da zazzaɓin cizon sauro. Likitocinsa ba su gane ciwon ba, ciwon da kowane malamin asibitin ƙauye a yankinmu zai gane da ido. Ya mutu ranar 2 ga Janairu, 1960, yana da shekara 40. Hector ya binne Achilles, ya ƙara shekara 40 a duniya. Ba na tuhumar Buzzati da rashin sanin gaibu. Ina cewa ne rigar Homer ta yi wa mutanen nan biyu ɗinki ɗaya tilo, ta rufe duk abin da bai shiga ɗinkin ba: horo, abinci, dabarar ƙungiya, zaɓin giya, duk abubuwan da suka sa Coppi ya zama sabon irin ɗan tsere. In alloli ne suka yanke hukunci, to babu sauran abin tambaya.

Akwai ma wani abu da rigar ta rufe wanda ba laifin marubucin ba ne ko kaɗan. A lokacin yaƙi, Bartali ya riƙa tuƙa kekensa tsakanin Florence da Assisi da sunan motsa jiki, alhali ya cusa takardun shaida na jabu cikin bututun keken don a tserar da Yahudawan da ake farauta. Bai riƙa faɗa ba, sai bayan mutuwarsa labarin ya bazu. Mutumin da Buzzati ke kallo a kan Izoard ya san wata irin tafiya da ba a tafa wa mutum.

Wannan ya kawo ni ga babban abin da nake riƙe da shi a kan littafin. A wurin Buzzati duwatsu alƙalai ne. Tun ana kudu yake ta ambaton su, suna can arewa suna jira, su za su raba gardama. Hoto ne mai ƙarfi, amma kotu wuri ne da ake share kowa a bar masu shari'a. Da tseren ya shiga Alps, sai ƙasar ta zama fage: ga dutse, ga hazo, ga mutum biyu. Alhali mashiga ba don shari'a aka yi ta ba. Montgenèvre hanya ce tun zamanin Rumawa, ta nan babbar hanyarsu ta zuwa kudancin Faransa da Sifen ta bi. Kuma a daidai shekarun da Buzzati ke rubutu, dubban Italiyawa na ƙetare waɗannan duwatsu a ƙafa, da dare, ba takarda, suna neman aiki a ma'adinai da gine-ginen Faransa. Ba ɓoyayyen abu ba ne. A 1947 wani ɗan jarida, Egisto Corradi, ya yi shigar ɗan ci-rani ya bi su ta mashigar Saint Bernard Ƙarama cikin hunturu, ya rubuta abin da ya gani. Ana tsintar gawawwaki in dusar ƙanƙara ta narke.

Mu muna da kalmar da ta fi ta Turawa dacewa da wannan. Haure shi ne wurin da ganuwa ko danga ta rusuna har ana iya tsallakawa ba a bi ta ƙofa ba, daga nan muka samu baƙin haure. Mashigar tsauni haure ce a jikin ganuwar da Allah ya gina. Ɗan tsere na hawa ta don ta fi ko'ina wuya a cikin hanyoyin da keke zai iya bi. Mai gudun yunwa na hawa ta don ta fi ko'ina sauƙi a cikin ganuwar. Wuri ɗaya ne.

Waɗannan mutane su Germi ya ɗauka. Fim ɗin ya buɗe a wani ramin haƙar farar wuta a Sisili. An ce za a rufe ramin, ma'aikata sun ƙi fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, mata sun tsaya a bakin rami cikin baƙaƙen kaya, ba mai motsi, ba mai magana. Daga ƙarshe suka fito, yajin aikin bai haifar da komai ba. Sai ga wani mai daɗin baki, Ciccio, yana ba su labarin Faransa, ya ce zai kai su in sun biya. Suka sayar da gado da tukwane. Duk wanda ya san yadda ake tara kuɗin tafiya a garuruwanmu ba ya buƙatar fassara a wannan wuri. Jagoransu Saro, wanda Raf Vallone ya fito a matsayinsa, matarsa ta mutu ta bar masa 'ya'ya uku. A cikinsu akwai Barbara, wadda gari ya juya wa baya saboda tarayyarta da wani ɗan ta'adda mai suna Vanni.

Ciccio ya gudu ya bar su a birnin Rum. 'Yan sanda suka ba su takardar umarnin komawa gida, suka ƙi. Wurin da ya fi ƙona mini rai a fim ɗin yana tsakiya, a yankin Emilia. Kuɗi sun ƙare, wani mai gona ya ɗauke su aiki, suka yi murna. Ashe ma'aikatan wurin yajin aiki suke yi, an kawo su ne don a karya yajin. Mutanen da suka kwana cikin rami don neman haƙƙinsu, ga su yau ana jifan su da sunan maciya amana, kuma masu jifan na da gaskiya, su ma suna da gaskiya. Germi bai sassauta wannan ba, bai nemo mugu guda ya ɗora masa laifin ba. Daga nan ayarin ya rabu, wasu suka haƙura suka juya kudu.

Hawan dutsen kansa a ƙarshen fim yake, kuma bai da tsawo. Abin da Germi ya gane, wanda Buzzati bai nema ba, shi ne cewa ƙetare mashiga a ƙafa aikin jama'a ne. Tseren keke na tsinka mutane, dutse na tace su har a bar mutum ɗaya a gaba, shi ake kira gwani. Ayarin masu ƙafa kuwa saurinsa saurin wanda ya fi kowa rauni ne. Kyamara na ja baya ta nuna su layi guda, baƙaƙen ɗigo a kan fari, da kayan da ba na dutse ba, yara a kafaɗa. Guguwa ta taso, wani dattijo a cikinsu ya ɓace, ba a sake ganinsa da rai ba. Ba kiɗan jarumta, ba alƙali. Dutsen bai san da su ba.

To amma ga abin mamaki. Germi ma da ya iso dutsen sai ya kasa haƙuri. Kafin a ƙetare, sai da ya tsayar da ayarin duka ya sa Saro da Vanni suka zare wuƙaƙe a cikin dusar ƙanƙara a kan Barbara, sauran suka tsaya suna kallo. An san Germi da ƙaunar finafinan kaboyi na Amurka, kuma a nan ƙaunar ta fito fili. An ɗauki faɗan da gwaninta, ban musa ba. Sai dai labarin mutum ashirin da yunwa ta koro ya koma labarin maza biyu da mace ɗaya, daidai lokacin da ya kamata a bar sanyi da gajiya su yi magana. (Masu kallon finafinanmu na Kano sun san wannan cuta: in labari ya zo ƙarshe, sai an nemi wani dutse an hau an daku da bos.) Marubuci ɗaya na da kekuna ɗari, ɗaya na da ayarin ƙauye guda, dukansu da suka ga tsauni sai suka rage lissafin ya koma biyu. Akwai wani abu a tsayin wurin da ke sa mai fasaha jin cewa talakan mutum bai isa ya cika hoton ba, sai an kawo jarumi.

Ƙarshen fim ɗin ma na da nasa rauni. Sun ƙetare, gari ya waye, sai ga masu gadin iyaka a kan allunan sulu. An kama su ke nan. Babban cikinsu ya dubi fuskokin, ya dubi wani yaro, yaron ya yi murmushi, shi ma ya yi, ya juya da mutanensa ya bar su suka wuce. Na ga wannan wuri sau uku, kuma sau uku idona ya kawo ruwa, don haka ba zan yi ƙaryar cewa bai yi aiki ba. Amma fim ɗin da ya ƙi yi mana sauƙi a Emilia ya zo ya yi mana sauƙi a nan. Ya rataya rayuwar mutanen a kan halin kirkin jami'i guda da safiyar ta yi masa kyau. Wanda ya zo gobe ya tarar da wani jami'in fa? Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Berlin na farko a 1951, kuma ina zargin wannan murmushi na cikin abin da ya sa. Turai na son a gaya mata cewa iyakokinta na da zuciya.

Tambayar ba ta tsufa ba. Yau duk bazara dubban masu keke na zuwa Briançon daga ko'ina a duniya don su hau Izoard. An yi kwalta mai santsi, kowane kilomita akwai allo mai gaya wa mahayi tsayin da ya kai da tsananin hawan da ke gabansa. Kusa da ƙololuwa, a wani wuri mai tsakuwa da tsayayyun duwatsu da ake kira Casse Déserte, akwai allon tunawa da Coppi da Louison Bobet, mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Masu yawon ƙafa don nishaɗi na bin hanyar GR5 da ta ratsa Montgenèvre ta gangara har Nice a bakin teku, da takalman dutse da sanduna da ɗakunan kwana da aka yi musu tanadi. Waɗannan duka jikokin babin Pinerolo ne, ko sun karanta shi ko ba su karanta ba. Sun zo dutse ya gwada su.

Jikokin fim ɗin Germi ma suna nan. Faransa ta maido da bincike a kan iyakokinta a Nuwamban 2015. Da aka matsa a hanyar bakin teku, daga 2017 sai mutane suka koma duwatsu, da farko ta mashigar Échelle mai mita 1,762, daga baya ta Montgenèvre. Da yawa a farkon samari ne daga Gini da Kodebuwa da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda suka riga suka bi ta Agadas, suka ƙetare Sahara, suka sha Libiya, suka tsira daga teku. Suna kewaye ofishin 'yan sandan iyaka ta cikin daji da dare, wasu da takalman ƙwallo. An yanke wa wasu yatsu saboda sanyi. A watan Mayun 2018 an tsinci gawar wata budurwa 'yar Najeriya a kogin Durance, wanda ke tasowa daga Montgenèvre. Wata guda kafin nan, wata ƙungiyar masu ƙyamar baƙi ta hau Échelle ta kafa shinge ta ɗauki hotuna, su ma sun gane dutse fage ne mai kyau. Akwai kuma mutanen kwarin da ke fita da dare da shayi da barguna suna neman waɗanda suka ɓata, har an gurfanar da wasu a kotu saboda taimakon baƙi. Fim ɗin Matteo Garrone na 2023, Io capitano, ya bi samari biyu daga Dakar ta Agadas har suka hango Sisili, a nan ya tsaya. Wato ya ajiye su a daidai inda Buzzati da Germi suka fara.

Duk da abin da na faɗa, da za a ce in zaɓi ɗaya in ba matashin marubuci, littafin Buzzati zan ba shi, in ce ya karanta daren jirgin ruwa da babin 'yan wutsiya sau biyu kafin ya kai Pinerolo. Jimlolinsa sun fi hotunan Germi daɗewa a kai, kuma ya san abin da Germi bai damu da shi ba, wato cewa mutum na iya hawa dutse ba don yunwa ba, kuma wannan ma ba abin raini ba ne. Wahalar Bartali a kan Izoard wahala ce ta gaske ko da shi ya zaɓe ta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a hannu ɗaya yana karantawa shi ne taswirar ranar. Bayan Izoard, Coppi ya gangara Briançon, ya haura Montgenèvre, mashiga ta huɗu, ya tsallaka iyaka ya koma Italiya ta wani ɗan ƙauye mai suna Claviere, motocin 'yan jarida na biye da shi zuwa Sestriere. A wannan Claviere ɗin ne bas daga garin Oulx ke sauke mutane yanzu, su nemi inda za su raɓe har duhu ya yi, sannan su kama hanyar da ya sauko.